Me man da aka daskarar da haidurojin ke yi wa hantar dabba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin kimiyyar abincin dabbobi, kuma ina ɗan taɓa kiwon kaji a gida. An ba mu aikin karanta tsofaffin binciken da aka yi kan ɓerayen da aka ciyar da man da aka daskarar da haidurojin. Wasu sun ce yana hana hanta sarrafa kitse yadda ya kamata, wasu kuma sun ce ba su ga wani bambanci ba. Wanne za mu kama? Sannan ko abin ya shafi kaji da shanu, tunda ana sayar mana da ragowar biskit da burodi muna haɗa abinci da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka ɓangarorin biyu ba wanda ya yi ƙarya, kowa abin da ya gani a kejinsa ya rubuta. Sunan man ne ɗaya a takardun, amma abin da ɓerayen suka ci ba ɗaya ba ne. Daskarar da mai abu biyu yake yi a lokaci guda: yana kwashe wani abu da hanta ba ta iya yi wa kanta, yana kuma shigo mata da wani baƙon da ba ta saba karɓarsa da yawa ba. Duk binciken da bai raba waɗannan biyun ba, sai ya ruɗa mai karatu, kuma da yawa daga tsofaffin ba su raba ba.

Sai mun fara daga tukunyar kamfani kafin mu shiga hanta. Asid ɗin kitse sarƙa ce ta kabon, kuma mafi yawan waɗanda ke cikin man gyaɗa da man waken soya kabon 18 gare su. Abin da ya bambanta su shi ne yawan ɗaurin tagwaye a jikin sarƙar: sitiyarik ba shi da ko ɗaya, oliyik yana da ɗaya, linoliyik biyu, linolenik uku. Shi ya sa kake ganin 18:0, 18:1, 18:2 da 18:3 a teburan takardun nan. A man tsirrai kusan kowane ɗaurin tagwaye lanƙwasa sarƙar yake yi, siffar da ake kira sis. Ka san idan kara miƙaƙƙe ne dami yana ɗauruwa tam, idan kuwa karan a lanƙwashe yake, komai jan igiya sai ya bar gurbi. To haka man yake. Oliyik mai lanƙwasa yana narkewa tun a kusan digiri 13, sitiyarik miƙaƙƙe sai an kai shi kusan 69. Ilaidik kuwa, wanda kabon ɗinsa da ɗaurinsa duk irin na oliyik ne in ban da sarƙar ta miƙe, wato siffar tirans, sai kusan digiri 45. Ka tuna zafin jikin ɓera bai wuce 37 zuwa 38 ba.

Wilhelm Normann ɗan ƙasar Jamus ne ya yi rajistar dabarar a 1902: a zafafa mai, a hura masa iskar haidurojin, a sa ƙarfen nikel ya hanzarta aikin. A 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Crisco a Amurka daga man angurya. Idan aka bar aikin ya kai ƙarshe, kusan duk ɗaurin tagwayen sun tafi, a sami mai mai taurin da ba ya shafuwa a burodi, kuma tirans ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba. Amma masu bota da masu biskit ba wannan suke so ba, sai a tsayar da aikin a tsakiya. A nan ne linolenik da linoliyik ke fara ƙarewa, domin su suka fi saurin kama haidurojin. Daga cikin ɗaurin da suka rage, wasu su juye zuwa tirans, wasu su gusa daga kabon na 9 zuwa na 8, na 10, na 11 ko na 12. Saboda haka man da aka daskarar rabi-da-rabi ba ilaidik kaɗai ke cikinsa ba, tarkacen 'yan'uwansa ne masu yawa, kuma tirans yakan kai kashi 25 zuwa 45 cikin 100 na man, wani lokaci fiye.

Mu ɗauki abin da aka kwashe tukuna, domin shi ne ya fi ɓata lissafi.

A 1929 da 1930, George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minnesota, suka ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame masa kitse tas. Girma ya tsaya, fatar ƙafa da ta wutsiya ta yi ɓawo tana sassaɓewa, ƙarshen wutsiya ya riƙa mutuwa, ƙoda ta lalace, ɓerayen suna ta shan ruwa saboda fatar ba ta riƙe danshi. 'Yan ɗigon mai mai linoliyik kawai aka ba su suka farfaɗo. Tun daga nan aka san jikin dabba ba ya ƙera linoliyik da linolenik, dole daga abinci za su zo. Hanta ce babbar mai karɓarsu ta ƙara musu aiki. Wani enzayim, wato sinadarin jiki mai hanzarta sarrafa abu, da ake kira delta-6 yana ƙara wa linoliyik ɗauri na uku, wani enzayim ya ƙara masa kabon biyu ya koma 20:3, sannan delta-5 ya ƙara na huɗu, a sami arakidonik, 20:4. Wannan arakidonik ɗin shi ke zama a yanar ƙwayoyin halitta, daga gare shi ake yin sinadaran da ke kula da kumburi, da daskarewar jini, da naƙuda. Ta wannan hanyar dai, da waɗannan enzayim ɗin, linolenik ke bi ya zama EPA da DHA, dogayen asid ɗin nan irin na man kifi. A duk matakan nan delta-6 ne mai nawa, shi ke yanke yawan abin da zai fita a ƙarshe.

Delta-6 yana da wanda ya fi so. Linolenik ne kan gaba, sai linoliyik, oliyik kuwa can baya, ba ya samun shiga sai an rasa waɗancan. Idan linoliyik ya yi ƙaranci a abinci, hanta ba ta zama haka nan ba, sai ta kama oliyik ta bi da shi wannan hanyar, ta fitar da wani 20:3 na dangin omega-9, wato dangin oliyik, da ake kira asid ɗin Mead, da sunan James Mead da ya gano asalinsa. Ba ya yin aikin arakidonik, cike gurbi ne kawai. Idan ka tsamo kitsen hantar ɓera mai lafiya ka sa a na'urar tantance asid, a takardar da za ta fito za ka ga tsinin arakidonik ya tashi sama, na Mead kuwa da kyar za ka hango shi. A ɓeran da linoliyik ya yanke masa, tsinin arakidonik ya durƙushe, wani sabo ya tsiro daf da shi. Ralph Holman na Cibiyar Hormel ya mai da wannan ma'auni a 1960: a lissafa yawan Mead bisa yawan arakidonik, in amsar ta haura 0.4 akwai ƙaranci. Daga baya aka sauko da iyakar zuwa 0.2.

Ga inda nake so ka buɗe ido. Shekaru da yawa, idan mai bincike yana son jawo wa ɓera wannan ƙarancin da gangan, daskararren man kwakwa yake ba shi, kwakwar nan ta ci mai ruwa a ciki. Man kwakwa dama kusan duka miƙaƙƙe ne, ɗan linoliyik ɗin da ke ciki ake ƙarasa kashewa da haidurojin, don haka kusan babu tirans a cikinsa. Amma ɓeran da ya ci shi, arakidonik zai faɗi, Mead zai tashi, hanta ta tara kitse. Ka ga ke nan takarda za ta iya cewa "daskararren mai ya rage arakidonik a hanta" alhali tirans ko kusa bai je wurin ba. Yunwar linoliyik ce aka auna.

Yanzu baƙon da aka shigo da shi. Hanji ba ya tantance tirans, kusan duka yake tsotsewa kamar sauran. A dabbobi masu shayarwa yakan zaga cikin jini a ƙunshin kitse, tsoka da kitsen jiki su ɗebi nasu, ragowar ta sauka a hanta. Fosfolifid ɗin da aka gina yanar ƙwayar halitta da shi yana da gurbin asid biyu: na farko galibi na miƙaƙƙu ne irin su falmitik da sitiyarik, na biyu na masu lanƙwasa irin linoliyik da arakidonik. Ilaidik, da yake miƙaƙƙe ne, gurbin farko enzayim ɗin hanta suka fi kai shi, su ɗauke shi a matsayin ɗan gidan sitiyarik. Wannan kaɗai bai cika rage arakidonik ba, tunda ba gurbinsa ya tare ba. Inda ake rigima shi ne bakin delta-6 da delta-5. Asid masu tirans suna kama enzayim ɗin su tsare wuri, kuma wanda ya fi tsananta hanawa shi ne 18:2 da duka ɗaurinsa biyu suka juye tirans. Wasu kuma ba hanawa kaɗai suke yi ba, enzayim ɗin yana karɓarsu ya sarrafa, a sami wasu 20:3 da 20:4 masu ɗauri a inda bai kamata ba, su shiga yanar ƙwayar halitta su zauna ba tare da sun yi aikin na asali ba.

To amma gasa ce, kuma a gasa yawa ne ke magana. Idan linoliyik ya wadata, shi delta-6 ya fi so, tirans ba ya samun sarari sosai. Idan ya yi ƙaranci, tirans ya ƙara wa mai ciwo nauyi: ɓeran da ke bakin iyaka sai ya faɗa cikin ƙarancin sosai. A 1988 masu bincike a ɗakin gwajin kamfanin Unilever da ke Vlaardingen a ƙasar Holan suka ba da rahoton cewa idan linoliyik ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na kuzarin abinci, illolin da suke aunawa a ɓeraye masu cin tirans sun kau. Ba na ƙaryata sakamakon, wasu ma sun sami makamancinsa. Sai dai a lura da abin da aka auna: girma, asid ɗin da ke yanar ƙwayoyin halitta, da aikin maitokondiriya, wato wurin da ƙwayar halitta ke ƙona abinci don samun kuzari. Ba a nan tirans ya fi yin ɓarna ba, kamar yadda aka gane daga baya.

Akwai wani abin da ke ƙara dagula teburan, kuma na tabbata ka ci karo da shi. Wata takarda za ta ce aikin delta-6 ya ragu, wata ta ce ya ƙaru. Dalili shi ne hanta tana lura da yawan asid masu lanƙwasa da yawa a jikinta. Idan suka yi ƙasa, sai ta ƙara ƙera delta-6 da delta-9, enzayim ɗin da ke mai da sitiyarik oliyik. Daskararren mai kuwa yana rage waɗannan asid ɗin, don haka yawan enzayim ɗin zai iya hauhawa a daidai lokacin da tirans ke danne aikinsa. Wanda ya ciro enzayim ɗin ya gwada shi a kwalba da linoliyik tsantsa zai ga ƙari. Wanda ya zuba tirans a cikin kwalbar, ko ya auna arakidonik ɗin da ya taru a yanar ƙwayoyin halitta, zai ga ragi.

Ƙona kitse don samun kuzari shi ma yana da nasa labarin. A cikin maitokondiriya ana gutsure sarƙar kabon biyu-biyu. Ilaidik yana ƙonuwa, kada wani ya ce maka jiki ba ya iya narka tirans, wannan maganar kasuwa ce. Amma akwai inda yake cijewa. Bayan zagaye biyu, sarƙar ta koma kabon 14 da ɗaurin tirans a kabon na 5, kuma enzayim ɗin da ke karɓar wannan matakin ba ya saurin kama shi kamar yadda yake kama takwaransa na oliyik. Wani bincike da aka buga a 2004 kan maitokondiriyar ɓera ya nuna wannan guntun yana taruwa, har wani sashensa ya fice ba a ƙarasa ƙona shi ba.

Mutanen Norwe kuma sun buɗe wani babi, domin su botarsu da daskararren man kifi ake yin ta a wancan zamanin. Man kifi yana da sarƙoƙi masu kabon 20 da 22, kuma bayan daskarwa sukan koma dogaye masu ɗauri ɗaya ko biyu, da yawansu tirans. Maitokondiriya ba ta jin daɗin sarƙa mai wannan tsawon. A 1976 Paul Lazarow da Christian de Duve suka gano cewa a hantar ɓera akwai wani wurin ƙona kitse na biyu, wato feroksisom, kuma ba da jimawa ba masu bincike a Oslo suka nuna cewa ɓeran da aka ba daskararren man kifi, cikin 'yan kwanaki aikin feroksisom ɗin hantarsa ke ninkuwa. Feroksisom yana datse doguwar sarƙar ya miƙa wa maitokondiriya gajeriya. Wannan ne ya sa kitsen da ke taruwa a zuciyar ɓera a makon farko na irin wannan abincin yake ja da baya daga baya: hanta ta koyi dabara. Idan takardar da ke hannunka ta fito daga ƙasashen arewacin Turai a shekarun 1970 ko 1980, duba da kyau, mai yiwuwa man kifi ne, kuma sakamakonta ba zai hau kan man waken soya ba. Ɓera kuma ya fi mutum saurin hayayyafa feroksisom nesa ba kusa ba.

A ganina, babin da ya fi muhimmanci shi ne wanda tsofaffin takardun ba su da kayan aikin dubawa, wato yadda mai ke ba hanta umarnin ƙera kitse. Akwai wani furotin mai suna SREBP-1c da ke kunna ƙwayoyin gadon ƙera sabon kitse daga sukari. Asid masu lanƙwasa da yawa su ke danne shi. Ka kwashe su daga abinci, ka sake masa linzami. Ɗan'uwansa SREBP-2 shi ke kula da kolestarol, kuma wani bincike daga Jami'ar Wageningen a 2019 ya nuna ilaidik yana tayar da shi a ƙwayoyin hanta. A ƙananan ɓeraye, wato ƙaramin nau'in da Turawa ke kira mouse, da suka ciyar da abinci mai tirans, kitse ya ragu a ma'ajiyarsa ta jiki ya ƙaru a hanta, kolestarol ɗin hanta ya hau, enzayim ɗin ALT da ke nuna raunin hanta ya tashi a jini. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan ɓeran ya san ba sai an kai ga na'ura ba. Hanta mai lafiya ja-wur take mai duhu, gefenta siriri. Wadda ta tara kitse ta kumbura, ta koɗe ta yi ruwan ƙasa-ƙasa mai ratsin rawaya, gefen ya yi kauri, in ka yanka sai wuƙar ta fito da maiƙo.

A 2008 wata tawaga a Jami'ar Saint Louis ta haɗa wa ƙananan ɓeraye abinci mai kitse da yawa da tirans a ciki, da ruwan sukarin furuktos, har suka cire ƙarafen kejin da ɓerayen ke hawa don su rage motsi. Cikin mako 16 hanta ta cika da kitse ta kumbura, kuma da suka rarrabe sai tirans ya fi hannu a raunin hantar. Har ta kai masu gwajin magungunan hanta sun mai da daskararren mai kayan aiki: wani sanannen haɗin abinci na jawo wa ɓera ciwon hanta ya ƙunshi daskararren mai da furuktos da kolestarol kashi 2 cikin 100. Da Amurka ta hana man, dole suka nemi madadi, suka sa tataccen manja a gurbinsa, kuma ciwon ya ci gaba da samuwa. Ina kawo wannan ne don kada ka ɗora wa tirans laifin duniya duka. Kitse mai yawa da sukari mai yawa da rashin motsi sun isa su lalata hanta ko babu shi. Shi dai yana ƙara tsananta abin. A birai ma an gani: a Jami'ar Wake Forest an ciyar da rukuni biyu shekara 6 da kuzari daidai wa daida, aka sa tirans kashi 8 cikin 100 na kuzarin rukuni ɗaya. Rahoton 2007 ya nuna nauyin masu tirans ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, na ɗaya rukunin bai kai 2 ba, kuma kitsen a ciki ya fi taruwa.

Me ya sa ɓera ya daɗe yana wanke tirans daga zargi? Wani ɓangare na amsar yana cikin jininsa. Ɓera ba shi da furotin ɗin CETP da ke kwasar kolestarol daga HDL, ƙunshin kitsen jini da ake kira mai kyau, ya kai wa LDL, wanda ake kira marar kyau, kuma mafi yawan kolestarol ɗinsa a HDL yake. Mutum da biri da zomo suna da shi. Fred Kummerow na Jami'ar Illinois tun 1957 ya nuna tirans na taruwa a naman jikin mutum, amma ba a saurare shi sosai ba. Sai a 1990 da Ronald Mensink da Martijn Katan suka gwada a mutum 59 suka ga tirans yana ɗaga LDL yana kuma sauke HDL. Danmak ta kafa iyakar giram 2 cikin giram 100 na mai a 2003, Amurka ta cire man daga jerin abubuwan da ake ɗauka lafiyayyu a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran kawar da shi a 2018, Najeriya kuma ta bi sahu da dokar mai da kitse ta NAFDAC ta 2022 mai wannan iyakar ta giram 2.

Don haka kowace takarda ka ɗauka, kafin ka karanta sakamako, je ka teburin abinci. Wane mai aka daskarar, kuma har zuwa ina? Linoliyik nawa ne a kowane rukuni, an daidaita shi ko an bar shi haka? Da me aka kwatanta: man masara, ko kitsen dabba, ko man zaitun? Idan an kwatanta daskararren mai da man masara ba tare da daidaita linoliyik ba, ni ba na karɓar duk wata magana da takardar ta yi a kan tirans, ko da wace mujalla ce ta buga.

Batun kajinka. Hantar kaza ta fi ta ɓera shiga hatsari ta fuska biyu. Tsuntsu kitsen abincinsa kai tsaye yake zuwa hanta ta jijiyar da ta taso daga hanji, ba ya fara zagawa jiki. Sannan a kaza hanta ce ke ƙera kusan duk sabon kitse, ita ce kuma ke haɗa kitsen gwaiduwa, kusan giram 5 a kowane ƙwai, kullum. Irin man da kaza ta ci yana bayyana a gwaiduwa, har da tirans in akwai. Kazar ƙwai tana buƙatar linoliyik kusan kashi 1 cikin 100 na abincinta, kuma masara ce ke kawo mafi yawansa. Ranar da ka rage masara sosai ka cike da garin biskit, linoliyik na iya sauka, alamar farko kuwa ƙwai ne zai ƙanƙance. Amma in gaya maka gaskiya, a ragowar biskit da burodi ba tirans ne ya fi ba ni tsoro ba, domin da yawa daga man da masu gashi ke amfani da shi a wurarenmu tushensa tataccen manja ne, wanda dama da kaurinsa ya zo. Abin tsoron shi ne fumfuna, da man da ya fara warin daɗewa, da gishiri, da kuzari mai yawa ba furotin. Kazar keji mai ƙiba a lokacin zafi, da safe ka tarar ta mutu ba ciwo, zankonta fari fat, ka buɗe ka ga gudan jini kwance a kan hanta mai launin rawaya da ke farfashewa in an taɓa: wannan ciwon kitsen hanta ne mai fashewa, kuma yawan kuzari ne babban mai kawo shi. In za ka sa ragowar, ka sa ta a matsayin ɗan ƙari, ka shinshina kowane buhu, ka bar masara da waken soya a wurinsu, ka tabbatar akwai kolin, sinadarin da ke taimaka wa hanta fitar da kitse, a cikin haɗin bitamin ɗinka.

Saniya kuwa lissafinta daban ne, domin ita da kanta take daskarar da mai. Ƙwayoyin bakteriyar tumbi, irin su Butyrivibrio fibrisolvens, suna ɗora haidurojin a kan mafi yawan linoliyik da linolenik ɗin ciyawa kafin su isa hanji. Aikin ba ya kammala duka, shi ya sa man shanu da kitsen rago ke da tirans na asali, kusan kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Mafi yawansa baksenik ne, mai ɗauri a kabon na 11, kuma delta-9 na hantsa yana iya karɓarsa ya mai da shi rumenik, wani asid mai ɗauri biyu, abin da ba ya yi wa ilaidik. A gwajin mutane, idan aka ba da tirans ɗin dabba da yawa shi ma yana ɗaga LDL, amma cokalin man shanu a tuwo bai kai ko kusa da wannan adadin ba. Matsalar makiyayi ta fi zuwa ta wata ƙofar: idan hatsi da mai suka yi yawa, harawa da ciyawa suka yi ƙaranci, tumbi ya yi tsami, bakteriyar ta sauya hanya ta fitar da wani asid mai tirans a kabon na 10, wanda Dale Bauman da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka nuna yana danne ƙera kitse a hantsa. Nono ya zo da yawa amma tsararo, a kaɗa a rasa mai. Hantar saniya ba ta ƙera kitse sosai, ba ta kuma da saurin fitar da wanda ya shigo mata, don haka kitsen hanta a shanu ya fi zuwa a makonnin haihuwa, lokacin da saniya mai ƙiba ta rage ci, jikinta ya narko kitsensa ya turo wa hanta fiye da ƙarfinta. Daskararren man manja da ake sayarwa a buhu don shanun madara galibi wanda aka kai ƙarshen daskarwa ne, an zaɓe shi ne don ya wuce tumbi ba tare da ya dami bakteriya ba. Tirans ɗinsa kaɗan ne, sai dai mai taurin gaske ba ya narkewa sosai a hanji, wani sashe a kashi yake fita. Idan za ka saya, nemi takardar da ke nuna asid ɗin da ke ciki da kuma lambar aidin ɗinsa, wadda ke gaya maka yawan ɗaurin tagwayen da suka rage.